Bi Kuɗinka Har Hannun da Ya Yi Aikin: Jagora ga Masu Sana'ar Hidima a Jabal Auliya

Masu buɗe gidajen abinci, masaukai, wuraren wanki da kamfanonin shara da gadi a kudancin Khartum, tun daga Kalakla da Mayo har bakin madatsar Jabal Auliya, suna maimaita kuskure iri ɗaya idan aka zo maganar aikin tilas da safarar mutane. Sukan dubi ma'aikatan da ke gabansu, su ga kowa na karɓar albashinsa, ba a kulle kowa ba, sai su ce sana'arsu tsaf take. Wanda ya ɗan ƙara himma yakan sa ɗan kwangila ya sa hannu a takardar cewa ba ya zaluntar kowa, ya jefa ta a aljihun tebur ya manta. Dukansu ba su taɓa matsalar ba. Kifin da ake soyawa wani ne ya kwana a kan ruwa ya kamo shi, gawayin wani ne ya sari itacen ya ƙona, jan bulon da ake gyara bangon da yaƙi ya rusa wani ne ya buga shi, kuma mai gidan abinci bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. A zamanin nan da bashi da riƙe lada da tsoro ake ɗaure mutum. Don haka hanyar gano aikin tilas ita ce ka bi kuɗinka daga aljihunka har hannun da ya yi aikin, ka ga nawa ya isa, yaushe ya isa, kuma ko mai hannun zai iya ajiye aikin gobe ya tafi ba tare da wani abu ya same shi ba.

Alƙaluma suna goyon bayan wannan hanya. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 27.6 ke cikin aikin tilas a duniya, miliyan 3.3 daga cikinsu yara. A cikin manyan da 'yan kasuwa masu zaman kansu ke bautarwa, kaso mafi girma, kusan ɗaya cikin uku, yana ɓangaren hidima ne, wato ciniki da sufuri da masauki da abinci da makamantansu. Dabarar tilastawa da ta fi yawa kuwa ita ce riƙe lada, wadda ta shafi 36 cikin ɗari, sannan baƙon ma'aikaci ya fi ɗan gida haɗarin faɗawa ciki fiye da sau uku.

Wanda ya san Jabal Auliya ya san cewa baƙi da masu neman mafaka su ne ƙashin bayan ƙwadagonta. Garin yana kimanin kilomita 40 kudu da Khartum. Madatsar da aka kammala a 1937 a kan Farin Nilu ta tara ruwa mai nisan ɗaruruwan kilomita, kuma masuntan wannan ruwa, ciki har da Hausawa da dama, sun daɗe suna ciyar da kasuwar kifi ta Maurada a Omdurman da Suƙul Markazi ta Khartum. Tun farkon shekarun 1990 aka riƙa tsugunar da 'yan gudun hijirar kudu a yankin, daga baya kuma 'yan Sudan ta Kudu suka zauna a filaye irin su Bantiu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya zo har nan: dakarun RSF sun kama garin a Nuwamba 2023, sojoji suka karɓe shi a Maris 2025. Yau ana gyaran shaguna da gidaje, kowa na neman lebura mai araha, ga kuma dubban mutanen da suka rasa muhalli da jari da takardun shaida. Dillalin mutane ba ya neman yanayin da ya fi wannan.

Za a ce wannan aikin manyan kamfanoni ne masu lauyoyi, ba na mai rumfar kifi da kujera ashirin ba. Ni ina ganin ƙaramin mai sana'a ya fi babban kamfani damar yin aikin da kyau, domin hanyar kayansa gajera ce. Kamfanin da ke Turai yana bin hannaye goma kafin ya kai ga mai kamun kifi, kai kuwa tsakaninka da shi dillali ɗaya ne ko biyu, kuma mota ɗaya za ta kai ka bakin ruwa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam ba su ware ƙarami ba, sun dai ce kowa ya yi gwargwadon girmansa. Dokar Sudan ta yaƙi da safarar mutane ta 2014, wadda aka yi wa gyara a 2021, ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 10, ya kai shekara 5 zuwa 20 idan laifin ya tsananta. Ga Musulmi kuma akwai hadisin da Bukhari ya ruwaito, wanda ya jera mai sayar da mutum mai 'yanci ya ci kuɗinsa tare da mai sa lebura aiki ya hana shi lada a cikin waɗanda Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar alƙiyama.

Kayan aiki

Ba su da tsada. Na farko littafin kashe kuɗinka na wata shida da suka wuce, komai rashin tsarinsa. Na biyu sabon littafi na wannan aiki kaɗai, wanda ba ya kwana a shago kuma ba a rubuta sunan ma'aikacin da ya yi magana a ciki. Na uku mutum biyu masu zuwa tambaya, ɗaya daga cikinsu mace, domin mai yin kisra ko mai wanke-wanke ba za ta gaya wa namiji abin da ake yi mata ba. Na huɗu mai fassara naka na kanka idan ma'aikatan Nuwer ne ko Dinka ko Shuluk ko 'yan Habasha da Iritiriya. Na biyar lambar waya da ba ta shugaban aiki ba, wadda ma'aikaci zai iya kira ko ya bar saƙon murya, tunda ba kowa ke karatu ba. Na shida ɗan kuɗi da ka ware tun kafin ka fara, domin gyaran abin da za ka gano yana cin kuɗi, kuma wanda ya gano zalunci aljihunsa wayam yakan zaɓi rufe ido. Na ƙarshe, ka san tun yau ofishin da ke aiki kusa da kai: ofishin ƙwadago, sashen 'yan sanda na kare iyali da yara, hukumar 'yan gudun hijira ta Sudan, da ma'aikatan UNHCR ko IOM. Yaƙi ya sauya wa ofisoshi da yawa mazauni, ka tabbatar da wanda ke buɗe kafin ranar buƙata.

Mataki na 1: Fitar da duk hannayen da ke taɓa sana'arka

Ka buɗe littafin kashe kuɗi ka bi shi layi-layi. Kada ka dogara da tunaninka, domin tunani yana kawo manyan dillalai ne ya manta da mai kawo ruwa a amalanken jaki da yaron da ke kwashe shara da magariba. A gaban kowane layi ka rubuta wanda kake miƙa wa kuɗi da wanda yake yin aikin da jikinsa. Inda sunayen biyu suka bambanta, nan ne aikinka yake. Sannan ka jera su bisa haɗarin da ma'aikacin ke ciki, kada ka jera su bisa yawan kuɗin. Sababbin shiga sukan fara da wanda suka fi kashe wa kuɗi, kamar kamfanin lemo ko na fulawa, alhali haɗarin yana wurin da aiki yake nesa da idon jama'a, na kaka ne, dillali ne ke kawo ma'aikata, kuma suna kwana a inda suke aiki. A yankinmu wannan yana nufin zangon masunta, dajin gawayi, kamayin da ake gasa jan bulo a bakin kogi, gonakin kayan miya, da 'yan kwangilar shara, wanki da gadi. Ka zaɓi uku kawai a zagayen farko. Wanda ya ɗauki goma sha biyar lokaci ɗaya takardu kawai zai tara.

Mataki na 2: Auna farashin da kai kanka kake biya

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, domin yana nuna wa mai tambaya nasa laifin. A ce ka ba da kwangilar shara ta mutum 10, kwana 26 a wata, kuma a ce ladan yinin lebura a kasuwa fam dubu 10 ce. Ladan ƙwadago kaɗai ya kama fam miliyan 2.6, ba a sa sabulu da tsintsiya da kuɗin mota da ribar ɗan kwangila ba. Idan wani ya zo ya ce zai yi maka a miliyan 2, tun kafin ya sayi tsintsiya ɗaya akwai giɓin dubu 600, kuma shi ba sadaka ya zo yi ba. Zai cike giɓin ne ta ɗaya daga hanyoyi huɗu: ya sa mutum shida aikin goma, ya kawo yara, ya kawo marasa takarda waɗanda ba za su iya kai ƙara ba, ko ya riƙe ladan. Ka yi irin wannan lissafi a kan buhun gawayi da bulo dubu da kilon karfasa. Idan farashin bai isa biyan ladan kasuwa ba, ba ka buƙatar wani bincike kafin ka san akwai wanda ake ci da guminsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Jinkirin biya ma haka yake. Mai masaukin da ke riƙe kuɗin ɗan kwangila wata biyu ya tura wa leburori yunwar wata biyu, kuma a ƙasar da darajar fam ke zubewa, ladan da aka jinkirta ya ragu ko da an biya shi cif. Leburan da ke bin bashin wata biyu ba zai tafi ba, domin in ya tafi ya yafe ke nan. Odar gaggawa ta dare, irin ta azumi da bukukuwan aure, tana jawo aikin sa'a goma sha shida. Mai ƙorafin cewa gyara farashi zai sa abokan gasa su fi shi araha yana da gaskiya a wani ɓangare, amma ya lissafa ya gani: ladan mai kamun kifi ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin farantin da ke kaiwa gaban mai ci, kuma biya a kan lokaci ba ya ƙara ko fam ɗaya a farashi.

Mataki na 3: Bi bashin

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ake buƙatar adalci, domin ba kowane bashi ne bauta ba. Masunci ba ya iya sayen raga da kwale-kwale da ƙanƙara daga aljihunsa, mai buga bulo yana buƙatar abin da zai bar wa iyali kafin ya taho, kuma sulfa da ake bai wa ma'aikaci tun kafin ya fara tsohuwar al'ada ce da ta rufa wa mutane da yawa asiri. Manoman Sudan sun san tsarin shail, inda ɗan kasuwa ke ba da bashi a damina ya karɓi amfani da kaka a farashin da shi ya yanka, kuma sun san yadda taimako ke rikiɗewa ya zama tarko. Wanda ya ce a hana sulfa baki ɗaya zai kori talaka daga aiki ne kawai. Abin da ya kamata shi ne a gwada kowane bashi da tambayoyi huɗu. Shin mai bashin ya san adadinsa, kuma yana da nasa lissafin, ko littafi ɗaya ne a hannun maigida? Shin bashin yana raguwa wata bayan wata, ko kullum ƙaruwa yake duk da aikin da ake yi? Shin zai iya samo kuɗi a wani wuri ya biya ya tafi, ko an ce sai da aikin jikinsa kaɗai? Shin idan ya yi ciwo ko ya gudu, bashin yana hawa kan matarsa ko ɗansa ko ƙanensa? Amsa mara kyau ɗaya ta isa a zurfafa bincike, ta huɗun kuwa ita kaɗai ta isa a kira abin da sunansa.

Ka lura da dabarun da ke hana bashi ƙarewa, domin ba safai ake kiran su riba ba. Akwai kantin zango, inda maigida ke sayar wa ma'aikata garin dawa da sukari da ganyen shayi a farashin da ya fi na gari, kuma babu wani kanti kusa. Akwai tara a kan bulon da ya fashe a wuta ko ruwan sama ya lalata, da ragar da ta yage, alhali asarar sana'a ta mai jari ce. Akwai ma'auni, inda mai ba da bashi shi ne mai sikeli kuma shi ne mai yanka farashi. Akwai kuma wadda tsadar rayuwa ta haifar: ana lissafa bashi da farashin kayan yau, ana lissafa lada da yarjejeniyar bara. Ka nemi ganin littafin bashi na mutum uku da kai ka zaɓa, ka bi lissafin wata uku, sannan ka tambayi mutanen nan uku, kowa shi kaɗai, nawa ake bin sa. Idan bakinsu da littafi suka saɓa, littafin ne abin zargi.

Bashi mafi muni shi ne wanda aka ɗora wa mutum tun kafin ya ga wurin aiki. Simsar, wato dillalin ma'aikata, yakan je Kosti ko Rabak ko Gadarif, ko sansanonin jihar Farin Nilu, ko bakin iyakar Habasha, ya yi alkawarin aiki da lada, ya biya kuɗin mota da na shingayen hanya, sannan a iso a ce duk bashi ne, da ladan dillanci a kai. Ƙa'idojin ILO na 2016 kan ɗaukar ma'aikata sun ce kada ma'aikaci ya biya kuɗin samun aiki, mai ɗauka ne zai biya. Dalilin a fili yake: simsar hidima yake yi wa mai neman ma'aikata. Kada kuma ka ruɗu da cewa ai da ƙafarsa ya zo. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wadda Sudan ta shiga a 2014, ta ce yardar mutum ba ta da tasiri idan da yaudara ko barazana ko amfani da rauninsa aka same ta. Ta kuma lissafa karɓar mutum da ajiye shi a cikin ayyukan safara, ba ɗauko shi kaɗai ba. Mai gidan abincin da simsar ya kawo wa yarinya mai wanke-wanke, yana biyan ladanta a hannun simsar, ya riga ya shiga cikin hanyar ko bai taɓa barin unguwarsa ba.

Mataki na 4: Rubuta sharuɗɗa kaɗan

Shafi ɗaya ya isa, da Larabci, a karanta shi da baki a gaban shaidu. Babu riƙe fasfo ko katin ɗan gudun hijira ko takardar raƙam watani, wato lambar ɗan ƙasa, ta kowa. Lada yana zuwa hannun mai aiki a rana sananniya. Babu kuɗin dillanci a kan ma'aikaci. Abin da ake cirewa don biyan sulfa yana da iyaka, a ganina kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na lada. Ba a miƙa aikin ga wani ɗan kwangila sai da saninka. Kana da izinin zuwa ba tare da sanarwa ba. Dokar ƙwadago ta 1997 ta sa sa'a 48 a mako, ta kuma wajabta rubuta kwangilar da ta wuce wata uku, amma ta cire masu aikin gida da leburorin wucin gadi da yawancin ma'aikatan gona daga inuwarta. Wato waɗanda suka fi rauni su ne doka ta fi bari a rana, shi ya sa sharaɗinka zai ambace su da sunan aikinsu. Takardar ba hujjar tsarki ba ce, amfaninta shi ne ta ba ka ƙofar shiga mataki na gaba.

Mataki na 5: Je ka gani, ka saurari ma'aikata

Ka je a lokacin da aikin ke gudana: bakin ruwa da asuba sa'ad da ake sauke kifi, kamina, wato wurin gasa bulo, da tsakar rana, masu gadi da tsakar dare. Ka nemi ganin inda ake kwana da inda ake shan ruwa, ka duba ta wane gefe kwaɗon ƙofa yake. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka bar hanyar da mutane ke bi domin ragowar makaman yaƙi na nan a wurare da yawa, kuma kada ka ɗauki hoton kowa. Hoton ma'aikaci a wayarka zai iya jefa shi cikin bala'i a shinge na gaba.

Kuskuren sababbi shi ne su tara ma'aikata a gaban shugaban aiki su tambaya ko ana zaluntarsu. Kowa zai ce alhamdu lillahi. Kada shugaban aiki ya zaɓa maka wanda za ka yi magana da shi, kada ya zama mai fassara, kuma ka yi magana da mutane da dama ko da ka riga ka ji abin da kake nema, don kada a gane bakin da ya faɗa. Wurin mai shayi a bakin titi ya fi ofis. Ka tambayi abubuwan da ake amsawa da lamba ko da suna: wa ya kawo ka, nawa ka biya, yaushe aka biya ka na ƙarshe, ina katinka yake kwana, wayarka tana hannun wa, yaushe rabonka da gida. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce ta wani: wane ne ya bar aikin nan kwanan nan, kuma yaya aka ƙare da shi? Mutum yakan ji tsoron ba da labarin kansa amma ya ba da na wanda ya tafi. ILO ta lissafa alamomi 11 na aikin tilas, daga yaudara da keɓe mutum zuwa riƙe takardu da duka. A Khartum ta yau ka saurari barazana iri biyu musamman: a ce za a kai baƙo ga hukuma, tunda an tsananta binciken takardun baƙi, ko a ce za a yi wa mutum ƙazafin ya haɗa kai da RSF. Wanda aka yi wa ɗaya daga cikinsu ba ya buƙatar kwaɗo a ƙofa.

Batun yara yana buƙatar tsayuwa. Dokar yara ta 2010 ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ban da kiwo da noma marasa haɗari, kuma aiki mai haɗari haramun ne ga wanda bai kai 18 ba. Za a ce ai koyon sana'a ne, haka kowa ya taso. Yaron da ke bin mahaifinsa bakin ruwa da rana, yana kwana a gida, yana zuwa makarantar boko ko ta allo, dabam yake da yaron da aka ɗauko daga wani gari, yana kwana a bayan shago, ladansa na zuwa hannun wani babba da ba uwa ba uba. Na biyun ne muke nema, kuma a kan yaro doka ba ta buƙatar a nuna an yaudare shi ko an tsorata shi. A Agusta 2018, samamen da 'yan sandan Sudan suka yi da taimakon Interpol, mai suna Sawiyan, ya kuɓutar da mutum 94 a Khartum da kewaye, 85 daga cikinsu yara, wasu daga wuraren wanke zinariya a gabashin birnin inda suke taɓa sinadarai masu guba. Cikin ƙasashen da suka fito har da Nijar da Chadi. Hanyar da ta taso daga can tamu ce mu Hausawa, tsohuwar hanyar mahajjata ta gabas, kuma yaren da yaron zai amsa maka da shi zai iya zama Hausa.

Mataki na 6: Abin yi idan ka gano

Abu biyu ne zuciya ke saurin kawowa, duka biyun suna cutar da wanda kake son taimako. Na farko ka yanke hulɗa nan take. Hannunka ya fita, amma ma'aikatan suna nan da bashinsu, an ƙara musu da fushin maigida, kuma ka rasa ikon da kake da shi na mai saye. Na biyu ka tari ɗan kwangila da zafi kana faɗar abin da aka gaya maka. Kafin gari ya waye an kwashe mutanen an kai wani zango.

Ka raba abin da ka gani gida uku. Idan jinkirin lada ne, ko tara, ko yawan sa'o'i, ko ajiye takardu da sunan tsaro, ka zauna da ɗan kwangila ka kawo maganar a matsayin abin da lissafi ya nuna, ku sa ranar gyara: takardu su koma hannun masu su a yau, bashin lada cikin mako biyu, kuɗin dillanci a mayar wa waɗanda suka biya. Idan farashinka ko jinkirinka na cikin sanadi, ka ɗauki kasonka. Idan bautar bashi ce ga baligi, ka fara da tambayarsa abin da yake so, a asirce, domin shi ya san wanda zai iya taɓa iyalinsa a gida. Baƙo marar takarda zai iya ƙarewa a tsare ko a kore shi idan aka yi gaggawa, don haka ka fara da masu aikin kare 'yan gudun hijira ko lauya, su raka shi gaban hukuma. Kada ka biya maigidan kuɗin fansa kai tsaye ba tare da shawara ba, domin ka nuna masa cewa kamun mutum na kawo riba. Idan kuwa yaro ne, ko akwai kulle, duka, fyaɗe ko neman kuɗin fansa, babu sulhu kuma babu zaman dattawa. A sanar da sashen kare iyali da yara ko mai gabatar da ƙara, kuma kada ka je ceto da kanka. Yanke hulɗa yana zuwa ne bayan mutanen sun tsira, ko bayan ɗan kwangila ya ƙi gyara a wa'adin da aka sa.

Akwai mai cewa a ƙasar da ke fama da yunwa, da babu gara ba daɗi, kuma wanda ya bai wa ɗan gudun hijira abinci da wurin kwana ya yi masa alheri. Ba na musun cewa aiki mai wuya da ƙaramin lada ya fi rashin aiki, kuma wannan jagora ba ta ce a kori kowa ba. Amma mayar wa mutum katinsa, da gaya masa adadin bashinsa, da barin ƙofa a buɗe, ba sa rage wa maigida ko loma ɗaya. Idan alherin na gaskiya ne, ma'aikacin zai zauna da kansa. Wanda ya ƙi waɗannan ukun ya san cewa in an buɗe ƙofa mutanen za su tafi.

Mataki na 7: Maimaita bisa kakar aiki

Zuwa ɗaya ba ya wadatarwa, domin ma'aikata na sauyawa da yanayi. Kamayin suna tashi bayan ruwan kogi ya ja baya, girbin riɗi da dawa a Gadarif yana janye leburori a ƙarshen shekara ya bar giɓin da ake cikewa da yara, azumi kuma yana ninka buƙatar gawayi da masu dafuwa. Ka sa ziyararka a farkon kowace kaka, lokacin da ake ƙulla bashi, ka sake komawa a ƙarshenta, lokacin da ake lissafi, domin a ranar sallama ce ake gaya wa mutum cewa bai fita ba. Ga 'yan kwangilar da ke aiki a harabarka, ka halarci ranar biya da kanka lokaci-lokaci. Tura kuɗi ta manhajar Bankak yana barin shaida, amma ka tabbatar asusun na ma'aikacin ne, domin wanda ba shi da raƙam watani yakan ba da asusun shugaban aiki, kuɗin ya koma inda ake gudu. Ga irin waɗannan, a biya tsaba a hannu a gabanka, kowa ya ƙirga nasa ya dangwala yatsa, sannan ka kira biyu daga cikinsu bayan kwana uku ka tambaya ko an karɓe wani abu a bakin ƙofa.